Zancen Suyar Kafe da Kai Shi Kasuwa

Jawabin da anka karanta ga taron ƙungiya, unguwar Zariya, Maraɗi

Iyayenmu dattawa, shugaban ƙungiya da mataimakanshi, uwayenmu mata, da ku 'yan'uwa da kunka dawo daga ci-rani, muna gaishe ku, muna yi maku barka da zuwa. Ku kuma da ke Abijan da Kwatano da Kano, in takardar ga ta iske ku, ku karanta ma waɗanda ba su yi lakwal ba.

Ga taron da ya wuce, samari uku cikin ɗiyanmu da sunka yi zaman Abijan sun roƙi ƙungiya ta ranta masu jika 250 daga asusu. Niyyarsu su sayo buhun ɗanyen kafe mai kilo 60, su sa maƙeri ya ƙera masu gangar suya, su riƙa soyawa nan gida Zariya, suna kaiwa kasuwar Maraɗi ran Litinin da ran Juma'a, da kasuwannin Tsibiri da Jiratawa. Dattawa sunka ce mu da ke riƙe da alli mu duba zancen, mu kawo lissafi. Kuɗɗin ga da su muke kai mara lafiya asibiti, da su muke sayen likkafani, shi ya sa ba mu yi gaggawa ba.

Kada kowa ya raina sana'ar suya. Iyayenmu sun san zamanin gyaɗa: izinin mai na SICONIGER da anka kafa nan Maraɗi cikin 1942, da SONARA da gwamnati ta kafa cikin 1962 tana kwasar gyaɗa zuwa Faransa. Farin 1973 ya zo, ciwon gyaɗa na 1975 ya biyo baya, buhunan da ake tarawa kamar duwatsu sunka ɓace, daga baya SONARA ita ma ta rufe. Amma uwayenmu da ke sayen tiya biyu su soya cikin kasko, su matse mai, su murza ƙuli-ƙuli, har yau suna nan, da kuɗɗinsu ake yi ma 'yan mata kayan ɗaki. To, samarinmu hanyar uwayensu suke son bi, sai dai ƙwayar da sunka zaɓa ba ta gonarmu ba ce.

Kafe ba shi fitowa ƙasarmu. Icce ne mai son ruwa da inuwa, yana son ninki biyu ko uku na ruwan da damina ke ba mu. Wanda samarinmu sunka sani, robusta, daga wajen Man da Dalowa cikin Kodebuwa yake fitowa. Cikin Oktoba 2024 gwamnatin can ta tsai da kuɗɗin kilo bakin gona jika ɗaya da rabi. Daga bakin gona zuwa Zariya akwai dillali, akwai mota, akwai duwan, kuma kun ga yadda rufe iyakar Bene cikin 2023 ya maida kaya zagaye ta Burkina, komi ya yi tsada. Mai ƙuli-ƙuli in gyaɗa ta ƙare mata, sai ta aiki yaro kasuwa. Mai kafe in nashi ya ƙare, sai ya jira mai zuwa daga Abijan.

Suyar kanta ba ta buƙatar ganga tun farko. Kasko mai kauri da garwashin gawayi sun isa, muddin hannu bai daina motsawa ba. Ƙwayar tana farawa kore-kore, ta koma ruwan ɗorawa, ta koma ruwan ƙasa, sai ka ji tana fashewa kamar gugguru. Daga nan minti kaɗan ne tsakanin kafe da gawayi. In ta sake yin ƙara ta biyu, mai ya fito mata, a sauke nan take, a zuba bisa faifai a sheƙe ta huce, don ko an sauke ta tana ci gaba da ƙonewa da zafin cikinta. Duka aikin bai cika wuce minti 20 ba. Hayaƙin kuwa yana da yawa, a yi shi tsakar gida, a kuma gaya ma maƙwabta tukuna.

Ga abin da ya sa buhu guda bai kwanta mamu ba. Ɗanyen kafe yana yin shekara in wuri busasshe ne. Soyayye makonni kaɗan ne ƙamshinshi ke tsayawa. Niƙaƙƙe kuwa, cikin zafin Maraɗi, kwanaki ne. Mai ganga in ya hura wuta zai so ya cika ta, in ya cika ta ya soya abin da kasuwa huɗu ba su iya sha. Kuma garin kafe yana ɗaukar warin duk abin da ke kusa da shi. Wanda ya kai shi injin unguwa bayan an niƙa barkono ko daddawa, ya zubar da kuɗɗinshi. Sai a ware mashi turmi nashi shi kaɗai, a daka na kasuwar gobe yau da dare, a rufe cikin buteli.

Yanzu ga lissafin, irin wanda 'yan ajin CM2 ke yi bisa allo. A ce kilo ya iso nan jika 3. Kilo 5 jika 15 ke nan. Suya tana cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyi, saura kilo 4. In kowane kofi ya ci garam 10, an samu kofi 400. A dala 10 kofi, jika 20. An bar jika 5, kuma ba a biya sukari ba, ba a biya gawayi ba, ba a biya kabu-kabu zuwa Tsibiri ba, ba a biya tiken kasuwa ba. Aikin banza ke nan. A dala 20 kofi, jika 40, nan kam akwai abin kaiwa gida. Saboda haka duk zancen ya tsaya ga abu guda: manomin da ya kawo zogale daga fadamar Jiratawa da asuba, cikin ɗari, zai fidda dala 20 ya sha kofi guda, alhali ga mai shayi gefe da tebur da burodi da Nescafé?

Nescafé ɗin ga ba ƙaramin abokin gaba ba ne. Tun farkon shekarun 1960 ake yin shi cikin izinin Abijan, mutanenmu da shi sunka san kafe, sun saba ka zuba shi cikin ruwan zafi ya narke ƙaf. Namu ba shi narkewa, sai an tace da ƙyalle. Wanda ya sayi ƙullin gari ya kai gida ya kaɗa yadda ya saba, zai iske tsaki ƙasan kofi, ya ce an sayar mashi da ƙasa, kuma kafin la'asar rabin kasuwa ta ji. Don haka muna ganin kada a fara da sai da gari. A fara da kofi, a dafa gaban mutane, a tace suna kallo, ƙamshin ya yi kira. Wanda ya sha sau uku, shi da kanshi zai tambayi na kaiwa gida, sannan a nuna mashi yadda ake tacewa.

Mutanen Senegal sun riga mu wannan hanya. Kafe Tuba, wanda Muridawa ke cewa Shehu Amadu Bamba ya zo masu da shi sa'ad da ya dawo daga Gabon cikin 1902, kafe ne da ake soyawa tare da kimba, wani lokaci da kanumfari, ana sai da shi ƙananan kofuna bakin titi. Kimba kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu, tana cikin kunu da yajin kowane gida. Bakin Bagobiri da Bakatsine zai fi saurin karɓar abin da ya ji kimba ciki. Ƙaramin kofi kuma yana rage garam, sai lissafin dala 10 ya fara numfashi.

Akwai wani abu da za mu faɗi gaban iyaye. In kafe ya yi tsada, zuciya takan ce a ƙara soyayyar masara ko ƙwayar rai-ɗore don gari ya yi auki. Wanda zai gauraya, ya faɗi ma mai saye. Ɗanyar ƙwayar rai-ɗore tana kashe dabba, ba abin wasa ba ce hannun wanda bai san suyarta ba. Sunan garinmu suke ɗauke da shi cikin kasuwa, kuma kuɗɗin ƙungiya ba su shiga algus.

Ga shawarar da munka kawo. A ranta masu jika 40, ba 250 ba: kilo 5 na ɗanye, kasko, turmi, buta babba, kofuna, da sukari. Su fara da shigowar ɗari, su yi kasuwa takwas, biyu daga ciki Tsibiri, biyu Jiratawa. Su riƙe kaye guda, kowace kasuwa su rubuta kofi nawa anka sha, dala nawa, nawa ya ragu anka zubar. Muna roƙon ɗaya cikin uwayenmu masu ƙuli-ƙuli ta tsaya masu ga suya uku na farko, don ita ta san wuta. Bayan kasuwa ta takwas su kawo kayen gaban ma'aji, mu duba tare, sannan a sake buɗe zancen buhu da ganga.

Shugaba, mun maida magana hannunku.