Jawabin Uban Tafiya a Bikin Ƙaddamar da Gasar Golf ta Abokai ta Bana, a Guci

 

Mai girma wakilin Kantoman Dungas, mai girma wakilin Kantoman Magariya, mai girma magajin garin Guci, mai martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, tare da masu gari da masu unguwanni da suka rako ka. Limaminmu na Juma'a da sauran malamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin jandarma da na duwan da suka amsa gayyatarmu. Daraktan lakwal da malamansa. Manyan baƙinmu da suka taso daga Kano da Damagaram da Maigatari. Kyaftin mai barin gado da kyaftin mai jiran gado. Ma'aji, sakatare, iyayenmu mata, matasa, ƴan uwa da abokan arziki: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sakatare ya rubuto mini sunaye shafi uku. Na karanta abin da numfashina ya iya ɗauka. Wanda bai ji sunansa ba ya yi haƙuri, bashinsa yana wuyan Sakatare, ga shi can yana sunkuyar da kai.

Abin da ya tara mu a yau abu biyu ne: ƙaddamar da tafiyar bana zuwa Kano domin gasarmu ta shekara-shekara, da kuma miƙa ragama ga sabon kyaftin. Na san a cikin taron nan akwai masu tambaya a zuci, me ya haɗa mutanen Guci da golf, wasan da ƴan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Mu ma mun sha wannan tambaya a kasuwa. Ranar da aka fara ganina da jakar sanduna, wani dattijo ya tsayar da ni, ya leƙa ciki, ya ce, “Alhaji, waɗannan ludayan na wane tuwo ne?” Har yau ban samu amsar da ta gamsar da shi ba.

Amsar dai ita ce zumunci, kuma zumunci a ƙafa yake. Yawancinmu hanyar Kano ce ta haɗa mu, masu riɗi da masu dabbobi da masu kanwa, da ma'aikata biyu ko uku da aiki ya kai can. Wani abokin cinikinmu ya ja mu filin golf na Kano, a Titin Kulob, wanda yake nan tun zamanin Turawa, muka je kallo muna dariya, muka dawo da ciwon. Akwai fili a ƙasarmu, Rio Bravo, a gefen kogi kusa da Yamai, amma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, alhali wanda ya yi asubanci daga nan zai iya sallar azahar a Kano.

Ga abin da Allah ya ba mu ikon yi ƙarƙashin kyaftin mai barin gado. Ba mu fasa tafiya ba sai shekarun da aka rufe iyaka, wato rufewar da Najeriya ta yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma wadda ta biyo bayan 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris na 2024, kowa ya san abin da muka sha a lokacin, ba sai na maimaita ba. Mun share jigawar da mai martaba ya ara mana a bayan gari, mun haƙa ramukan gwaji, mun kafa tutoci. Mun tara tsofaffin sanduna daga abokanmu na Kano muka raba wa yara, yanzu akwai yaran da in sun ɗaga sanda ni kaina sai in ja da baya. An buɗe asusun mota. An duba marasa lafiya daga cikinmu, an halarci suna da aure da ta'aziyya a ƙetare da nan gida. An sasanta cinikayya fiye da ɗaya da ta kusa kai wa gaban alƙali. An kai wa lakwal ɗin garin nan bencina. An sayi kofi na gaske, mun huta da kwanon sha da muke ɗagawa a da. Kyaftin, Allah ya saka da alheri, Allah ya sa ka gama da duniya lafiya.

Masu yi mana dariyar cewa filinmu rairayi ne babu ciyawa, ina so su sani ba mu muka fara ba. Tsofaffin filayen Arewa, irin su Rayfield na Jos da ake ƙirga kafuwarsa daga 1913, an daɗe ana buga su a kan yashi da aka cakuɗa da mai aka daɓe kewaye da rami. A Ikoyi ta Legas ma haka aka yi shekara da shekaru, kuma a can Sandy Lyle ya ci gasar Najeriya a 1978, Vijay Singh ya ci a 1988 da 1989, dukansu kuma daga baya suka ci manyan gasannin duniya. Yashi bai hana su zama abin da suka zama ba. Mu kuwa Allah ya ba mu shi kyauta, ko buhu ɗaya ba mu saya ba.

To, a nan takardar Sakatare ta ce in yi godiya in zauna. Sakatare, riƙe mini ita. Akwai maganar da ta kwana a cikina tun dawowarmu bara, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganar ƙirga ce. Ƙirgan bugu.

Ranka ya daɗe, bari in yi wa baƙi bayani kaɗan. A kokawa, tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, in mutum ya faɗi, dubban idanu sun gani, alƙali ya gani, makaɗa sun gani, ba shi da ta cewa. A ƙwallon ƙafa akwai mai usur. A golf kuwa rami 18 ne, tafiyar awa huɗu, mutum yakan shiga cikin itatuwa shi kaɗai da ƙwallonsa, babu mai ganinsa sai Allah da yaron da ke ɗauke masa jaka. Duk bugun da ya yi shi zai ƙirga da kansa, ya faɗa wa abokin wasansa ya rubuta a kati, a ƙarshe ya duba ya sa hannu. Mai ƙarancin bugu shi ya ci. Wasan gaba ɗaya a kan bakin mutum aka gina shi.

Bara na tsaya da idona a kan wani rami. Na ga mutum ya buga, ƙwallo ta shiga ramin yashi. Ya buga, yashi ya tashi, ƙwallo na nan. Ya sake, tana nan. Na uku ta fita. Kafin ta faɗa rami na ƙirga masa takwas. Da aka tambaye shi, ko ƙifta ido bai yi ba ya ce biyar. Mutumin da in ka rage masa dala ɗaya a canjin naira da sefa zai bi ka har gida! Lissafin da ba ya ɓace masa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, cikin ƙura da kukan shanu, shi ne ya ɓace masa a fili shiru babu hayaniya. Ba zan faɗi suna ba. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma ina ganin wani yana ta gyara hula tun ɗazu.

Ku bar dariya, ban gama ba. Akwai masu tura ƙwallo da ƙafa daga gindin itace zuwa sarari suna waige-waige. Akwai wanda ƙwallonsa ba ta taɓa ɓacewa, ko da ta shiga gonar mutane, sai ka ga ta tsiro kusa da ƙafarsa kamar gyaɗa, aljihunsa kuwa ya rage nauyi. Doka ta ce minti 3 ake neman ƙwallo, tun 2019 aka rage daga 5, in ba a gani ba mutum ya ɗauki hukuncinsa ya sake bugawa. Mu kuma muna da mai nema har la'asar ta yi. Doka ta ce sanda 14 a jaka, an ƙirga wa wani 17, ya ce sauran na ado ne.

Mafi muni a wurina shi ne handikaf. Ga waɗanda ba su sani ba, rangwame ne da ake yi wa mai rauni, a cire masa wasu bugu daga jimlarsa domin tsoho irina ya iya karawa da saurayi. Rahama ce aka sa a cikin wasan. Sai ga shi wasu sun mayar da ita jari. Shekara guda mutum yana ɓata wasansa da gangan a nan bayan gari, yana kai ƙwallo gabas in an ce yamma, domin rangwamensa ya ƙaru. Ranar gasa a Kano sai ka ga hannu ya miƙe, ido ya buɗe, ciwon bayan da ake ta kuka da shi ya warke. Ya ɗauki kofi, ya ɗauki rago, mu yi masa tafi. Wannan da tauye mudu duk ɗaya ne, kuma Liman yana zaune, ya san surar da ta yi magana a kan masu tauye mudu, mu ma ƴan kasuwa mun san ta, ko da ba ma son a karanta ta muna sahun gaba.

Jikana ya karanto mini labari biyu daga waya, na sa ya maimaita har na riƙe. A 1925, a babbar gasar Amurka, wani mai suna Bobby Jones yana shirin bugu sai ƙwallonsa ta ɗan motsa a cikin ciyawa. Shi da kansa ya kira alƙalai ya ce a ƙara masa bugu ɗaya. Wannan bugu ɗaya ya sa aka yi kunnen doki, aka sake karawa, Willie Macfarlane ya cinye. Da aka zo ana yabonsa, ya nuna cewa yabon bai da wuri, kamar a yabi mutum ne don bai fasa banki ba. Na biyu a 1968 ne, a gasar Masters. Roberto De Vicenzo, mutumin Ajantina, ya yi bugu 3 a rami na 17, abokin wasansa ya rubuta masa 4 bisa kuskure, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Duniya ta gani a talabijin cewa 3 ya yi. Amma doka ta ce in ka sa hannu a kan abin da ya fi naka yawa, ya zauna. In a kan abin da ya gaza naka ne, an kore ka. Haka Bob Goalby ya ɗauki gasar da tazarar bugu ɗaya, a ranar da shi De Vicenzo ya cika shekara 45 da haihuwa. Bai kai ƙara ba, bai zagi wanda ya rubuta ba. Waɗannan mutane duniya ce ke kallonsu, sunansu da abincinsu na kan wasan. Mu fa? Rago ɗaya ne, kuma a ƙarshe tare muke cinye shi.

Abin da ya fi damuna yaran nan ne masu ɗaukar jaka. Yaro yana biye da kai, ya ƙirga takwas, ya ji ka ce biyar, ya ga an ba ka kofi. Me ka koya masa? Gobe in ka ɗora shi a kan shagonka ya ƙirga takwas ya ce maka biyar, kada ka zo wurina da kuka. Wani har cin hanci yake ba yaro, jika ɗaya, don ya yi shiru. Na ji, kuma yaron ne ya faɗa wa uwarsa, uwarsa ta faɗa wa Hajiya, Hajiya kuwa ba ta ɓoye mini komai sai kuɗin adashinta.

Na kuma lura abin ya fara cin zumuncin. A da in mun dawo mota ɗaya ake cika ana raha har Gumel. Bara mutum biyu da suka yi shekaru suna cin tuwo kwano ɗaya sun dawo ba sa ga maciji. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, shi ya sa na faɗa a gaban Sarki da Liman, don kada a ce a bayan ido na yi.

Saboda haka, sabon kyaftin, ga abin da dattawan tafiya suka yanke, kai za ka zartar. Bana ba wanda zai zaɓi abokin wasansa, ƙuri'a za a jefa a hula. A kowane rami mutum ya faɗi bugunsa da ƙarfi kafin a bar wurin, yaron jaka na ji. Rangwamen kowa kwamiti ne zai duba shi daga katunan shekara, wanda ba ya kawo kati ba shi da rangwame. Wanda aka kama ya rage bugu, katinsa ya mutu, kuma shi zai sayi ragon walima. Ni ma ina ciki. In kun ga na tura ƙwallo da ƙafa, ku faɗa, tsufa ba lasisi ba ne. Kuma ba caca, ko ta goro ce. Kofi da rago sun ishe mu.

Kyaftin, taso. Ga kofi amana, ga littafin katuna, ga makullin akwatin tutoci. An zaɓe ka ne don an san ba ka jin kunyar faɗa wa babba gaskiya, har ni ka taɓa faɗa wa, ban ji daɗi ba a lokacin, amma ga shi yau ni na kawo sunanka. Allah ya taya ka riƙo.

Muna godiya ga mai martaba saboda filin da ya ara mana, muna kuma roƙo, ranka ya daɗe, a ja kunnen masu tura awaki cikinsa, sun cinye mana tuta biyu. Muna godiya ga jami'an iyaka na ɓangarorin biyu, da abokanmu na Kano masu karɓar baƙuncinmu kowace shekara, da iyalanmu da suke haƙuri da wannan ciwo namu. Ma'aji ya ce in tuna wa waɗanda ba su cika kuɗin mota ba cewa yana nan bakin rumfa da littafinsa, kuma ƙofar fita ɗaya ce.

Da wannan nake ƙaddamar da tafiyar bana da gasarta, da yardar Allah. Za a tashi jibi bayan sallar asuba daga ƙofar fada, ta Dungas da Maigatari. Mutanen Magariya za su bi ta Tinkim da Babban Mutum mu haɗu a Kano. Kowa ya zo da katin shaidarsa, wanda ya makara ya biyo mu a motar haya. Liman, a yi mana addu'a.