Langar Kaka Ba ta Jari-Bola Ba Ce

A gidaje da yawa langa da samira na jeren iyayenmu suna jibge a ƙarƙashin gado, ana jiran ɗan jari-bola ya ɗora a sikeli ya ba da kuɗin goro. Haba! Langar da bakinta ya ɓantare, a huda gindinta da ƙusa, a zuba ƙasa da taki, ga mazubin shuka na'a-na'a a tsakar gida. Murfinta mai zanen fure kuwa a rataye shi a bango, kusa da faifai. Tsohon keken ɗinki na Singer, kafinta ya ɗora katako a kan ƙafafunsa na ƙarfe, an samu teburi mai ƙarko. Turmin da gara ta cinye ne kawai za a bar wa murhu.