Kafin Mu Ƙetare Iyaka da Kare

Wannan shi ne jawabin da ma'aikacinmu na sashen raya karkara ya gabatar a taron wakilan ikilisiyoyin ƙauyuka da aka yi a Gyadi-Gyadi, Kano. Mun buga shi domin a karanta wa waɗanda ba su sami zuwa ba.

  Mun san waɗansu tun da asuba suka baro gida, don haka ba za mu ja magana ba.

Sa'ad da aka karanta cewa yau za mu yi magana a kan kare, mun ga waɗansu suna murmushi. An saba jin mu a kan rijiya, da taki, da rumbun tsimi. To me ya kawo kare? Bari mu ba ku labarin abin da ya kawo shi.

Kwikwiyo cikin kwali

Akwai wani ɗan'uwanmu da yake aikin gadi a nan Tarauni, iyalinsa kuwa suna ƙauye. Ya tafi biki wurin dangin matarsa a wani ƙauye kusa da Maraɗi. Da zai dawo, surukinsa ya yi masa kyautar kwikwiyo, irin dogayen karnukan nan na farauta. Ya sa shi cikin kwali, ya huhhuda kwalin don iska, ya hau babur ta ɓarauniyar hanya har Jibiya. Daga can ya shiga mota zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Kano. Ba wanda ya tambaye shi abin da yake cikin kwalin. Kwikwiyon ya kwana biyu a ɗakin gadi, sa'an nan aka sa shi a mota a tashar Unguwa Uku aka kai shi gida. Yara suka yi ta murna.

Bayan mako uku sai kwikwiyon ya sāke hali. Ya daina cin abinci, yana ta gaigayar itace da igiya, yawu yana ta dalala. Ya ciji 'yar mutumin nan mai shekara 6 a hannu, ya kuma ciji yaron maƙwabta a ƙafa. Aka buge shi aka jefar a rami. Kakar yarinyar ta ƙona gashin karen ta shafa tokar a ciwon, aka ce shi ke nan. Wata uwa a zumuntar mata, wadda ta taɓa aikin asibiti, ita ce ta ƙi yarda. Ta nace sai da aka kawo yaran biyu Kano washegari aka fara yi musu allura. Kafin a gama, ɗan'uwan nan ya sayar da awaki biyu da buhun dawa, don kuɗin allura da na mota. Yaran suna nan da rai. Amma kwikwiyon da aka samu kyauta ya cinye abincin wata biyu na gidan, ya kuma kusa cin rai biyu.

Ciwon da ido ba ya gani

Abin da muke so mu riƙe yau shi ne wannan: ciwon haukar kare yana iya zama cikin kare makonni, har watanni, karen yana wasa yana kaɗa wutsiya. Ƙwayar cutar tana shiga ta wurin cizo, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Daga can sai ta sauko cikin yawu. Don haka karen da aka ciza a Tibiri ko a Madarunfa zai iya wucewa gaban kwastan lafiya lau, ya zo ya haukace a tsakar gidanmu. Har ma yawunsa yana iya ɗaukar cutar 'yan kwanaki kafin alamun su fito fili.

A jikin mutum, yawanci cutar takan yi wata 2 zuwa 3 kafin ta nuna kanta, amma tana iya fitowa cikin mako ɗaya, tana kuma iya kai shekara. Ciwon cizon ya warke, an manta da zancen, sai zazzaɓi, sai tsoron ruwa, sai ruɗewa. Idan aka kai nan, kusan ba wanda yake tashi, ko a wane asibiti ne a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 59,000 suke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane 10 da ake zaton mahaukaciyar dabba ta ciza, wajen 4 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukan masu kamuwa kuma daga kare suke samunta.

Ba mu kaɗai ba ne

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500. Manyan ƙofofin da muka sani su ne Jibiya zuwa Maraɗi, Kongolam ta hanyar Daura zuwa Damagaram, Maigatari a Jigawa, da Illela zuwa Birnin Ƙonni. Amma tsakanin ƙofa da ƙofa akwai hanyoyi ba iyaka. Makiyaya suna bi da karnukansu. Mafarauta suna bi da rani. Masu fataucin karnuka suna zagaya ƙauyukan Nijar da na arewa suna saye, su tara su cikin keji, su loda a mota zuwa kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, daga can a wuce da waɗansu kudu. Cikin keji ɗaya karnukan garuruwa da yawa suna cizon juna. Likitocin dabbobi da suka gwada ƙwaƙwalwar karnukan da ake yankawa a kasuwanni a Nijeriya sun sami ƙwayar cutar har a cikin waɗanda ake gani lafiyayyu.

Ba muna zagin sana'ar kowa ba ne. Waɗansu a cikinmu da kuɗin kare suke biyan makarantar yara. Amma mai kamawa, da mai lodi, da mai fiɗa, su ne na farko cikin haɗari. Yawu ko ƙwaƙwalwar kare idan ta taɓa yanka a hannu, ta ishi mutum.

Har ƙasashen da suka kawar da ciwon ba su tsira daga kwali irin na ɗan'uwanmu ba. A 2004 wani mutum ya ɗauko kwikwiyo daga Maroko, ya bi ta Sifen da mota ya shigo da shi Faransa ba takarda. Ya zagaya da shi wuraren taro a yankin Bordeaux kafin kwikwiyon ya mutu a watan Agusta, aka gwada aka ga ciwon hauka ne. Hukuma ta yi ta cigiyar duk wanda ya taɓa shi, aka yi wa mutum fiye da 100 allura, aka kuma kashe dabbobi da yawa. Kwikwiyo ɗaya ke nan.

Abin da doka take nema

Da yawa a cikinmu muna zaton tun da mutum yana shiga Nijar ya fito ba biza, dabbarsa ma haka ne. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 a kan zirga-zirga ta mutane ce. Ko garken shanu, tun 1998 aka tsara masa takardar shaidar ƙetare iyaka mai nuna allurar da aka yi masa. Ban da haka, Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairu 2025, an kuma rufe iyakar daga 2019 zuwa 2020, aka sāke rufe ta daga 2023 zuwa Maris 2024. Saboda haka kada mu dogara ga abin da muka sani da. Mu yi tambaya sabuwa kafin kowace tafiya.

Abu uku ne ake nema kusan ko'ina. Na ɗaya, katin allurar rigakafin haukar kare, mai kwanan wata da sa hannun likitan dabbobi. Na biyu, takardar shaidar lafiya wadda likitan dabbobi na gwamnati yake bayarwa bayan ya duba karen gab da tafiya. Na uku, izinin shigowa daga ƙasar da za a shiga. A Nijeriya sashen likitocin dabbobi na gwamnatin tarayya ne yake ba da wannan izini, jami'an hukumar NAQS kuma su ne masu duba dabbobi da tsire-tsire a ƙofofin shigowa.

Ga waɗanda 'ya'yansu suke aiki a gidajen baƙi a cikin birni, wataƙila kun ji yadda maigida yake wahala kafin ya tafi da karensa ƙasar waje. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai suna so a sa wa karen wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambarsa. Sai a yi allura, a jira kwana 30, a ɗebi jini a gwada, a kuma jira wata 3. Amurka kuwa tun 1 ga Agusta 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba. Ba wulakanci ba ne. Sun san ciwon yana ɓuya, don haka suke ba shi lokaci ya fito kafin ya shigo musu.

Idan dole ne mu taho da kare

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga matakan da muke roƙo a bi:

1. Mu tambayi asalin karen. An yi wa uwarsa allura? An yi mahaukacin kare a garin kwanan nan? Wani abu ya taɓa cizonsa? Idan akwai shakka, mu yi godiya mu bar shi. Suruki ba zai yi fushi har abada ba.

2. Kada mu ɗauko kwikwiyon da bai kai wata 3 ba, domin a wata 3 ne aka saba yin allurar farko.

3. A yi allurar aƙalla wata ɗaya kafin tafiya. Allurar ranar tafiya ba ta riga ta fara aiki ba. Mu sani kuma, allura ba ta warkar da karen da cutar ta riga ta kama.

4. Mu bi ta ƙofa, da takardu a hannu. Karen ya kasance cikin keji ko a ɗaure da takunkumi, a ba shi ruwa a hanya, kada a haɗa shi da baƙin karnuka.

5. Da isowa gida, a kai shi wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko asibitin dabbobi na gwamnati kamar na Gwale a nan Kano. A cire masa kaska, a ba shi maganin tsutsa. A ɗaure shi shi kaɗai, nesa da yara da awaki, har iyakar kwanakin da malamin ya faɗa. Babba ɗaya ne zai riƙa ba shi abinci.

6. A maimaita allurar kowace shekara. A ajiye katin tare da katin asibitin yara.

Idan kare ya ciji mutum

Nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana wankewa, har minti 15. A duba agogo, domin minti 15 yana da tsawo. Kada a sa toka, ko barkono, ko gashin kare, ko ruwan batir. Kada a ɗaure ciwon tam. A tafi asibiti a ranar, ko da kwikwiyo ne, ko da yakushi ne kawai. Idan asibitin kusa ba shi da allurar, a nemi takarda zuwa babban asibiti. A nan kusa da inda muke zaune akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya. Ana yin allurar a ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, sauran kuma yadda likita ya tsara. Kada a tsaya a tsakiya don ciwon ya bushe.

Karen kuwa, idan za a iya ɗaure shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi a lura da shi kwana 10. Amma ba za a jira kwana 10 kafin a fara allurar mutum ba. Idan ya mutu ko an kashe shi, kada a jefar, kada a fiɗe, kada a sayar. A kira malamin dabbobi domin a aika da kan a gwada. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos tana wannan gwaji, tana kuma yin allurar rigakafin karnuka.

Abin da za mu iya yi tare

Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kare 7 cikin kowane 10 allura a yanki, ciwon yakan rasa hanyar yaɗuwa. Wannan ba aikin gida ɗaya ba ne. Matasa za su iya ƙidaya karnukan ƙauye gida-gida, har da na maƙwabtanmu Musulmi da na rugagen Fulani, gama mahaukacin kare ba ya tambayar gidan wa ya shiga. Dattawa su je wurin mai gari da malamin dabbobi a tsai da rana ɗaya, a tara kuɗi a kawo allura cikin sanyi. Ranar 28 ga Satumba ta dace, domin ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. Iyaye mata kuma su koya wa yara su faɗa nan da nan idan kare ya cije su. Yara da yawa suna ɓoyewa don tsoron duka, don haka kada a doki yaron da ya faɗa.

Tambayoyin da za mu tattauna a gida

Karnuka nawa ne a ƙauyenmu, nawa ne kuma suke da kati? Daga ina sababbin karnuka suke shigo mana? Idan kare ya ciji yaro yau da dare, wa zai kai shi asibiti, da wane kuɗi?

'Yan'uwa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Abin da ya sami kare a Maraɗi zai iya kwana a Tarauni gobe, jibi ya iso ƙofar gidanmu. Katin nan ba domin jami'in kan iyaka muke yinsa ba. Domin yaron da zai fara rungumar kwikwiyon ne. Kowane wakili ya karanta wannan a lokacin sanarwa ranar Lahadi, ya kuma kawo mana ƙidayar karnukan ƙauyensu a taro mai zuwa.