Ƙuri'armu da Makomar Ilmi a Ƙasar Nan



Abin da ya tara mu yau tambaya ce da muke yawan ji a ɗakunan kwananmu: mene ne amfanin jefa ƙuri'a? Masu wannan tambaya ba wawaye ba ne. Sun ga an yi alkawari an saɓa, sun ga an raba taliya da atamfa a bakin akwati, sai suka ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Kuma ba su kaɗai ba ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su cika miliyan 25 ba. Watau cikin kowane mutum huɗu, kusan uku sun yi zamansu a gida. To, mu kuwa muna da ja a kan wannan ra'ayi, kuma hujjarmu tana cikin tarihin makarantunmu.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tanadin yara kamar miliyan biyu da dubu ɗari uku a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan uku sun hallara. Azuzuwa suka kasa, malamai suka yi ƙaranci, har aka riƙa horar da su cikin gaggawa. Wannan ya isa amsa ga masu cewa talaka ba ya son ilmi. Ranar da aka buɗe masa ƙofa, ya kawo 'ya'yansa fiye da yadda aka zata. Shiri ne ya gaza, ba iyaye ba.

Bayan shekara biyu, a watan Afrilu na 1978, aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗaliban jami'a na kowace rana. Ɗalibai suka fita zanga-zanga suna neman a sauke Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilmi na tarayya. Aka harbe ɗalibai a Legas da Samaru ta Zariya, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Waɗannan magabata namu suna ƙarƙashin mulkin soja ne, ba su da akwatin zaɓe, titi kaɗai gare su, kuma da jininsu suka biya. Mu da muke da abin da suka rasa, ina hujjarmu ta wulaƙanta shi?

Shekara guda bayan haka aka ga abin da ƙuri'a ke iya yi. A zaɓen 1979 talakawan Kano da Kaduna suka zaɓi jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano. Gwamna Abubakar Rimi da Gwamna Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, waɗanda suka daɗe suna gallaza wa manoma da makiyaya. A 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar yaƙi da jahilci domin manya. A wannan zaɓen ne kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa, bayan gwagwarmayar da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kanta. 'Yan'uwanmu mata, katin da ke jakarku ba kyauta aka same shi ba.

Yanzu mu dawo kanmu. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata tara. A 2022 sun sake yin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, a kan yarjejeniyar 2009 da gwamnati ba ta cika ba. Karatun shekara huɗu ya koma biyar ko shida. Waɗansu sun tafi neman abinci ba su dawo ba, waɗansu an aurar da su. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, jami'o'i da yawa suka ƙara kuɗin rajista, gwamnati kuwa ta kawo shirin ba ɗalibai rance. Muna iya saɓani a kan ko rance shi ne magani, amma ba mu da saɓani a kan cewa waɗanda suka yanke wannan shawara da ƙuri'a suka hau.

Akwai wani kuskure da muke yi, na zuba ido ga kujerar shugaban ƙasa kaɗai. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare. Amma jiha ba ta iya ɗaukar kasonta sai ta ajiye daidai da shi daga aljihunta. Saboda haka ake samun biliyoyin naira suna kwance a Abuja shekara da shekaru, alhali ƙannenmu suna zaune a ƙasa cikin ajin da ba rufi. Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya taɓa ƙiyasta cewa yara miliyan goma da rabi ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Wanda ke ajiye wannan kaso gwamna ne, masu amincewa da kasafin kuwa 'yan majalisar jiha ne, waɗanda da yawanmu ko sunansu ba mu sani ba.

Saboda haka muna roƙon abu uku kafin zaɓen 2027. Na farko, kowa ya yi rajista ya karɓi katinsa da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, in ɗan takara ya zo garinmu, kada mu tsaya ga tafi da kirari. Mu tambaye shi a gaban jama'a: shin jiharmu ta biya kasonta na bara? Malamai nawa za a ɗauka, kuma yaushe ake biyansu albashi? Mu rubuta amsarsa, mu fassara wa iyayenmu da ba su yi boko ba. Na uku naku ne, yayyenmu ma'aikata da masu bautar ƙasa. Ku ake ba takardun sakamako a rumfunan zaɓe. Alƙalamin da ke hannunku amana ce. Wanda ya sauya lamba ɗaya ya sace ajin wani yaro.

Ba mu ce ƙuri'a ɗaya za ta gyara ƙasa a dare guda ba. Amma mai sayen ƙuri'a yana samun sauƙi ne idan masu fitowa kaɗan ne, domin kuɗinsa ya ishe su. Tun 2018 doka ta ba mai shekara 25 damar tsayawa takarar majalisa, kuma da yawanmu mun kusa kai wa. Talakawan da harajinsu ya gina wannan jami'a suna jiran su ga abin da muka koyo.

 Allah ya ba mu shugabanni nagari, ya sa mu ma mu zama mabiya masu lura.