Tantance Bakteriya a Ruwan Rijiyoyin Gwallameji: Aikin Farantin MacConkey da na TCBS



Duk wanda ya zaga unguwar da ke kewaye da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, Bauchi, ya ga yadda gidajen hayar ɗalibai suka cunkushe, rijiya da masai suna maƙwabtaka. Da damina ta kankama, tazarar da ke tsakaninsu ba ta hana komai. Annobar kwalara ta 2021, wadda Bauchi na cikin jihohin da suka fi jin jiki, ta isa dalilin wannan takarda.

Ɗigon ruwan rijiya kasuwa ce, kowace irin bakteriya ta baje kolinta. Shi ya sa muke shuka shi a kan abinci mai aiki biyu: ya hana wasu tsiro, waɗanda suka tsiro kuma ya bambanta su da launi. Farantin da Alfred MacConkey ya haɗa a Ingila wajen 1900 haka yake. Gishirin matsarmama da ke ciki yana danne yawancin bakteriyar da ba ta hanji ba. Bayan awa 18 zuwa 24 a zafin digiri 37, E. coli ta cinye sukarin madara ta fito ruwan hoda, Salmonella kuwa ba ta cin sa, sai ta fito ba launi. Da zarar an tabbatar E. coli ce, kashi ya shiga rijiyar.

Kwalara ta fi neman haƙuri. Sai samfur ya yi awa shida zuwa takwas a ruwan peptone mai kanwa-kanwa, inda Vibrio cholerae ke rige sauran yaɗuwa, kafin a kai shi kan TCBS, farantin nan kore. Idan tana nan, za ta ci sukari ta fito rawaya.

A nan ne na sha ganin an yi tuntuɓe. Ɗalibi ya saba komai sai ya shiga tukunyar tururi, digiri 121, minti 15, sai ya jefa TCBS ciki. Ai ya lalata shi, tafasawa kawai yake so. Wani kuma da ganin rawaya ya rubuta "kwalara", alhali wasu dangin Vibrio ma rawaya suke fitowa. Rahoto irin wannan yana iya sa a rufe rijiyar da gida guda ke sha, ko a ɗaga hankalin unguwa a banza.

Dole a ɗebi rawayar a sake shuka ta a kan farantin da ba ya zaɓe, don gwajin oxidase kai tsaye daga TCBS yana yaudara. Daga nan a haɗa ta da antiserum na O1 a kan gilashi, a ga ko za ta dunƙule. Idan kuma an ɗauke wuta cikin dare na'urar ɗumama ta huce, a rubuta hakan a littafin aiki, a sake shukar.