Shafin Asibiti a Intanet: Su Wa Aka Bari a Waje?

 

An nemi in yi magana a kan shafukan asibitoci na intanet, da yadda za a gina su kowa ya amfana. Na san akwai mai cewa a ransa: mu da ke fama da layin kati da tsadar magani, ina mu ina wannan? To, ya ba ni aron kunnensa, domin layin katin nan da shafin nan tushensu ɗaya.

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Mata a Kano da sassafe ya san cincirindon da ke bakin Asibitin Murtala. Haka abin yake a Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Ƙashi na Dala. Ba duka ne suka zo ganin likita a ranar ba. Wani tambaya ce kawai ta kawo shi: wace rana likitan ido yake zama, nawa ne kuɗin kati, a zo da azumi ne kafin a ɗebi jini? Mai lafiyar ƙafa idan ya yi zuwan banza, kuɗin A Daidaita Sahu ya yi asara. Gurgun da ya turo kekensa da hannu ta lungunan Yakasai ko Mandawari, da damina, kwata ta cika ta tumbatsa, shi fa? Makaho kuwa yinin mutum biyu ya kashe, nasa da na ɗan jagora, wanda sau da yawa yaro ne da ya kamata a ce yana aji. Waɗannan su suka fi kowa bukatar amsa ta same su a gida ta waya, kuma su ne shafukanmu suka fi rufe wa ƙofa.

Ba kuma 'yan tsiraru ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tsanani, wato ɗaya cikin shida. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan.

Wataƙila wani bai taɓa ganin makaho yana aiki da waya ba. Akwai manhaja mai karanta allo: TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone, a kwamfuta kuma akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka ƙirƙira suka bayar kyauta. Mutum zai kara wayar kusa da kunne, yana shafa allon da yatsa, ita kuma tana faɗa masa abin da ya taɓa, layi bayan layi. Idan ya zo kan wanda yake so sai ya ƙwanƙwasa sau biyu. Saurinsu yakan ba mai ido mamaki. Amma rubutu take karantawa. Mu kuwa a nan ɗabi'armu ita ce a zana sanarwa da launuka, a mayar da ita hoto, a liƙa a shafi ko Facebook ko WhatsApp: ranakun awo, lokacin rigakafi, lambar waya, duk a cikin hoton. Yatsan makaho na sauka a kai, sau da yawa sai wayar ta ce masa hoto ne, ta yi shiru. Maganin wannan bai kai kuɗin katin waya ba. A sake rubuta abin da ke cikin hoton a ƙarƙashinsa, shi ke nan.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne batun sirri. Likitocinmu sun yi rantsuwar riƙe sirrin mara lafiya, addini ma ya hore mu da suturta juna. Yanzu a ɗauki mace makauniya da aka turo wa sakamakon gwaji an ɗauki takardar a hoto. Gwajin ciki ne, ko na ciwon hanta, ko na ƙanjamau. Dole ta miƙa wa wani wayar: ɗanta, ko kishiyarta, ko yaron maƙwabta. Kafin ita ta san abin da ke jikinta, wani ya riga ta sani, kuma a cikin gari, inda katanga ke jingine da katanga, magana ba ta kwana a gida ɗaya. Asibitin bai yi niyyar tona mata asiri ba, amma ya tona. Akwai wadda tsoron haka kaɗai zai hana ta zuwa gwajin.

Kurame matsalarsu daban. Shafin da ya ce a kira wannan lamba, bai ba da hanyar aika rubutaccen saƙo ba, ya sallame su. Bidiyon wayar da kai da ba rubutu a ƙasa, bakin likita kawai suke gani yana motsi. Idan za a sa mai fassara da hannu, a tambaye su wace suke so, domin Kano tana da tata maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari ta wallafa littafi a kanta a 2000, kuma ta bambanta da wadda ake koyarwa a makarantu, mai asali daga Amurka.

Sai iyayenmu tsofaffi, masu ciwon suga da hawan jini, da ido ya yi rauni hannu yana rawa. Su manyan haruffa suke bukata, baƙi a kan fari, da maɓallin da yatsa zai samu ba lalube. Kada fom ya rufe kafin dattijo ya gama cikewa. Kada a tsare shi da karkatattun haruffan nan na tantance mutum ne ko na'ura. Shafin ya zama mara nauyi, saboda data kuɗi ce. Kuma, don Allah, a rubuta da Hausa, Hausar da ake yi a kasuwar Kurmi, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suke. Garin da ya saba da rediyo da saƙon murya, me zai hana a naɗi muhimman bayanai a sa maɓallin saurare?

Ba mu za mu fara lalubo hanya ba. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da jagorar WCAG, ta gina shafin da kowa zai amfana da shi, tun 1999, sabon bugu mai lamba 2.2 ya fito a Oktoban 2023, kuma kyauta ne. Har bambancin hasken rubutu da na bango ta ƙayyade, 4.5 bisa 1. A 2024 ma'aikatar lafiya ta Amurka ta wajabta bin bugu na 2.1 a kan asibitocin da ke karɓar kuɗinta. Mu ma muna da dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a farkon 2024, ta kuma ɗora wa asibitocin gwamnati samar da hanyar sadarwa ta musamman ga mara lafiyar da ji ko magana ke masa wuya. A fahimtata, asibitin da ya gina gangaren keken guragu a ƙofa ya bar shafinsa a toshe, rabin aikin ya yi.

Roƙona ga shugabannin asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu: duk ranar da za ku ba da kwangilar shafi, ku rubuta sharaɗin nan a takarda, kuma kada ku biya cikon kuɗi sai an gwada. Masu gwajin suna nan kusa. Akwai ɗaliban da suka fito daga makarantar masu bukata ta musamman ta Tudun Maliki, akwai ƙungiyoyin makafi da kurame, akwai Sarkin Makafi da jama'arsa. Ku kira su, ku miƙa musu waya, ku ce su nemo ranar ganin likitan ido, sannan ku biya su ladan aikinsu kamar kowane ƙwararre. Ku kuma matasa masu gina shafuka, yau da dare kowa ya kunna TalkBack, ya rufe idonsa, ya shiga shafin da ya gina da hannunsa. Abin da ya kasa samu, gobe ya gyara.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.