Daga Risho Zuwa Gawayi: Jawabin Taron Shekara



Mu da muka fara aikin koyarwa a garin nan mun ga zamanin da kowace amarya ake kai ta ɗaki da risho, musamman bayan buɗe matatar man Kaduna a 1980. Ƙarancin kananzir na shekarun 1990 ne ya fito da murhun nan da jama'a suka laƙaba wa suna Abacha. A 2016 aka janye tallafin kananzir, a 2023 na fetur ya bi baya, iskar gas kuma ta yi tsadar da albashin malamin makaranta ba ya ɗauka. Yau a Kawo, Badarawa da Unguwar Dosa, har gidajen da ke da tukunyar gas sun ajiye buhun gawayi a bayan ƙofa. Haka lamarin yake a ƙasa baki ɗaya: mafi yawan gidajen Nijeriya da itace ko gawayi suke girki.

Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne lissafin. Kafin a sami buhu ɗaya na gawayi, sai an ƙone itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye. Masu gawayi kuwa ba sa neman kara. Kirya da marke suke so, har kaɗanya da ɗorawar da iyayenmu mata ke samun man kaɗe da daddawa daga gare su ba su tsira ba. Wanda ya san dajin Afaka a da, ya je ya duba yanzu. Ga hayaƙin da ke cin idanu da ƙirjin matanmu, wanda mu maza ba kasafai muke tunawa da shi ba, tunda tuwon kawai muke gani.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta, amma takarda ba ta dafa tuwo. A nan Kaduna ƙungiyar DARE ta daɗe da kawo murhun Save80 mai rage cin itace ƙwarai; tsadarsa ce ta hana shi yaɗuwa.

Shawararmu ga kwamiti ita ce a zauna da maƙeran Panteka su ƙera mana murhu mai tsimin gawayi, ƙungiya ta saya da yawa, mata su biya kaɗan-kaɗan ta hanyar adashi. Makarantun garinmu kuma a ba kowane aji bishiyoyinsa kafin damina ta sauka.